Shawara ko Naɗi? Yadda Ake Amfani da Kalmar Confer ta Turanci

Wata Asabar bayan La'asar ɗan wana ya shigo mini da takarda a hannu, yana ta gumi. Za a naɗa kakansa na wajen uwa sarauta a garinsu, an ɗora masa aikin katin gayyata saboda shi ne ɗan bokon gidan, kuma mai buga katin ya ce in rubutun bai iso kafin Magariba ba, sai wani makon. Ɓangaren Hausa ba shi da laifi: ana gayyatar 'yan uwa da abokan arziki zuwa bikin naɗin Alhaji wane a matsayin Wakili. Ɓangaren Turancin ne ya tsayar da ni. Ga abin da ya rubuta: *The Emir will confer with Alhaji the title of Wakili.*

Na ce, "Ɗana, karanta mini layin nan, ka mayar da shi Hausa."

Ya ce, "Baffa, ai sarki zai naɗa Alhaji Wakili ke nan."

Na ce, "A'a. Abin da ka fara faɗa shi ne sarki zai zauna ya yi shawara da Alhaji. Sannan ka jingina sarautar a ƙarshe, ba abin da ya riƙe ta."

Ya zura wa takardar ido, ya ce ai haka yake gani a jarida. Bai yi ƙarya ba, ana ganin makamancin haka. Abin da na zauna na nuna masa a wannan yammacin shi ne zan shimfiɗa a nan, mataki-mataki, domin kalmar *confer* tana cikin kalmomin da ɗalibi, da ɗan jarida, da mai fassara, da sakataren fada, da magatakardan kotu duk ba za su iya kauce musu ba. Kuma kuskuren da muke yi da ita ba na rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Hausar da ke cikin kanmu ce take jan hannunmu, kuma da zarar mutum ya ga inda take ja, ya huta.

Mataki na farko: ka san cewa ayyuka biyu take yi

A Hausa, shawara daban, naɗi daban. Ba mai haɗa su a kalma ɗaya. Bature ya haɗa. *Confer* na nufin mutane su haɗa kai su tattauna kafin yanke hukunci, wato ganawa, tuntuɓar juna, shawara. Haka kuma tana nufin mai iko ya bai wa wani matsayi, ko sarauta, ko digiri, ko lambar girma, ko wani 'yanci.

Asalin kalmar ne ya kawo haka. Daga Latin ta fito, *conferre*, wadda aka gina da *con*, wato tare, da *ferre*, wato ɗauka ko kawowa. Ma'anarta ta tushe ita ce a kawo abubuwa wuri ɗaya. In ra'ayoyi aka kawo wuri ɗaya, an yi shawara. In girma aka ɗauko aka kawo kan mutum, an yi naɗi. Ta shiga Turanci a ƙarni na 16. Wanda ya tuna karin maganar nan da ke cewa shawara ɗaukar ɗaki, ba zai sha wahalar riƙe wannan ba: mu ma da ɗauka muka kwatanta shawara, ɗaukar da mutum ɗaya ba ya iyawa.

Ga wani ɗan ratse ga masu bin harkar zaɓe. Wurin da ake tattara sakamako, wanda hukumar zaɓe ke kira *collation centre*, sunansa daga wannan tushen ya fito, domin *collate* wani reshe ne na *conferre* ɗin nan. Tattarawa dai, kawowa wuri ɗaya.

Mataki na biyu: duba abin da ya biyo bayanta

Nan ne zuciyar lamarin, don haka zan daɗe a kai.

Yawancin malamai kan ce wa ɗalibai: *confer with* shawara ce, *confer on* bayarwa ce. Wannan ƙa'ida ta isa a fara da ita, amma ba ta kai mutum gida. Gwajin da ba ya kuskure shi ne ka tambayi kanka: akwai wani abu da ake miƙawa a cikin jimlar?

In babu abin da ake miƙawa, shawara ce. *The governor conferred with the emir.* Gwamna ya gana da sarki, sun tattauna. *The lawyer asked for time to confer with her client.* Lauya ta nemi kotu ta ba ta lokaci ta zanta da wanda take karewa. Kowa da ya taɓa zama a kotu ya ga wannan: lauya ta sunkuya, su yi ƙus-ƙus da mutumin da ke cikin akwati, ta ɗago ta ce wa alƙali ga matsayarsu. A filin ƙwallo ma haka, in alƙalin wasa ya ruga gefen fili wajen mataimakinsa kafin ya ba da bugun fanareti, mai sharhi zai ce *the referee is conferring with his assistant*.

In kuwa akwai abin da ake miƙawa, bayarwa ce, kuma ga tsarin da aka saba: mai bayarwa, sai *confer*, sai abin da ake bayarwa, sai *on* ko *upon*, sai mai karɓa. *The Sultan conferred the title of Sardauna on Ahmadu Bello in 1938.* A 1938 ne Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya naɗa Ahmadu Bello Sardauna. Lura da kyau: abin da ya zo daf da *conferred* sarautar ce, ba mutumin ba. Mutumin yana can bayan *on*, kamar dai yadda rawani ke sauka a kansa. Ni da wannan nake tuna wa ɗalibai: *on* na nufin a kan, kuma a kai ake naɗa rawani.

To me ya sa na ce ƙa'idar malamai ba ta isa ba? Saboda *on* na iya zuwa a ma'anar shawara. Dubi wannan: *The ministers conferred on the budget.* Ba wanda ya naɗa kasafin kuɗi sarauta. Ministoci sun tattauna ne a kan kasafin. Nan *on* tana nuna maudu'in tattaunawa, daidai da *about* ko *over*. Ka ga babu abin da aka miƙa, don haka shawara ce. Ana iya haɗa biyun a jimla guda: *She conferred with her colleagues on the matter*, ta shawarci abokan aikinta a kan batun.

Akwai kuma juyi na biyu da ke rikitar da masu karanta takardun hukuma. In abin da ake bayarwa yana da dogon suna, marubuci kan tura shi ƙarshe ya gabatar da mai karɓa: *The university conferred on him the honorary degree of Doctor of Letters.* Kada ganin *on* daf da *conferred* ya sa ka yi gaggawa. Karanta zuwa ƙarshe. In bayan mutumin wani abu ya biyo wanda ake iya bayarwa, to bayarwa ce, an dai sauya jeri ne kawai.

Abu na ƙarshe a wannan mataki: a ma'anar shawara, in masu aikin suna da yawa, kalmar na iya tsayawa ita kaɗai. *The judges conferred briefly.* Alƙalai sun ɗan yi shawara a tsakaninsu. Amma mutum ɗaya ba ya shawara shi kaɗai, saboda haka *he conferred* ba tare da *with* da sunan wani ba, jimla ce da ta rataya.

Mataki na uku: gano inda Hausa ke jan hannunka

Mu koma kan katin ɗan wana. Me ya sa ya kawo mutum kafin sarauta, kuma ya sa *with*? Saboda haka Hausa take ginawa. Muna cewa an naɗa Alhaji Wakili. Muna cewa an karrama shi da lambar yabo. Mutumin ne aikin ke faɗa wa, sannan abin girmamawar ya biyo bayan "da". Bahaushe in ya zo Turanci, sai "da" ta zama *with* ba tare da ya lura ba, sai a samu *he was conferred with a national honour*.

Wannan siga ta cika jaridun Najeriya, ba a Arewa kaɗai ba. Ban kuma ɓoye cewa ana samunta a wasu ƙasashe: a jami'o'in ƙasar Ayalan, bikin yaye ɗalibai ma *conferring* suke kiransa, kuma suna cewa an yi *conferred with* digiri. Amma a daidaitaccen Turancin da ƙamusoshi ke koyarwa, wanda kuma mai gyaran jarrabawa ke riƙe da shi a hannu, girman ne ake yi wa *confer*, ba mutum ba. Daidai shi ne *a national honour was conferred on him*. Ra'ayina a nan a fili yake: ɗalibin da ke fuskantar WAEC ko NECO ko JAMB, da mai rubuta takardar neman aiki ko gurbin karatu a waje, su bar *conferred with* ga masu ita. Ba wanda zai taɓa kama ka da laifi don ka rubuta *conferred on*, amma ɗayar na iya jawo maka jan biro.

Idan kuma kana son mutumin ya zo farko, kamar yadda Hausa ke so, kuma sau da yawa labari ya fi daɗi a haka, to ka sauya kalmar aikin gaba ɗaya. *He was honoured with* daidai take da an karrama shi da. *He was awarded* ta dace da digiri ko lambar yabo. *He was decorated with* ta dace da lambar da ake rataya wa mutum a wuya ko a ƙirji. Ga sarautar gargajiya kuwa, Turancin Najeriya ya riga ya ƙera tasa, *he was turbaned*, daga sunan rawani, kuma duk mai karatu a ƙasar nan ya san abin da ake nufi.

Sauran kurakurai biyu ƙanana ne, amma suna yawan fitowa. Na farko, jera mutum da abu ba tare da komai a tsakani ba: *they conferred him a title*. *Give* ta yarda da wannan tsari, *award* ma ta yarda, *confer* ba ta yarda ba. Na biyu, sa *to* a madadin *on*, saboda muna jin "ga" ko "wa" a zuciya. A bar *to*, a riƙe *on*. *Upon* kuwa ita ce dai *on* cikin manyan kaya, an fi ganinta a doka da jawaban biki.

Mataki na huɗu: tambayi wa ke bayarwa, kuma me ake bayarwa

Ba kowace kyauta ake wa *confer* ba. Wanda ya kai wa maƙwabcinsa buhun shinkafa da azumi ya yi abin kirki, amma *give* ya yi. *Confer* tana buƙatar abubuwa biyu: mai bayarwa ya kasance yana da hurumin yin haka, abin bayarwar kuma ya kasance matsayi ne ko iko ko girma, ba kayan da ake ɗauka a hannu ba. Ko da akwai rawani ko lamba ko takardar shaida, waɗannan alama ce kawai.

Shi ya sa wuraren da za ka fi cin karo da ita sanannu ne. A bikin yaye ɗalibai na jami'a, ko a Zariya ne ko Kano ko Sakkwato, uban jami'a ne ke miƙewa ya furta cewa ya ba da digirin, kuma *confer* ce kalmar da ke cikin furucinsa. A ɓangaren lambobin girma na ƙasa, waɗanda dokar 1964 ta kafa, shugaban ƙasa ne ke bayarwa, daga GCFR da GCON a sama har zuwa MFR da MON a ƙasa. A watan Yunin 2018, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya bai wa marigayi Moshood Abiola lambar GCFR, ya kuma bai wa marigayi Gani Fawehinmi da Babagana Kingibe GCON, kalmar ta cika shafukan jaridu, wasu da *on*, wasu da *with*. A harkar lauyoyi, matsayin babban lauya na SAN, wanda aka fara bayarwa a 1975 ga Rotimi Williams da Nabo Graham-Douglas, shi ma da wannan kalma ake maganar ba da shi.

Sai dai mai bayarwar ba dole ne ya zama mutum ba, kuma nan ne masu fassara ke buƙatar natsuwa. Doka ma tana *confer*. Sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999, inda ake bayanin hurumin Babbar Kotun Tarayya, ya yi maganar ƙarin hurumi *as may be conferred upon it by an Act of the National Assembly*, wato wanda wata dokar Majalisar Tarayya za ta iya ba ta. In lauya ya ce *section 308 confers immunity on the governor*, cewa yake sashe na 308 ya sanya wa gwamna rigar kariya daga gurfana muddin yana kan mulki. Ba a cewa sashen ya naɗa ko ya karrama kowa.

Likitoci da masana kimiyya su ma suna da nasu amfanin. Za ka karanta cewa allurar rigakafi *confers immunity*, wato tana samar wa jiki garkuwa. Za ka kuma karanta cewa jinin AS, na mai ɗauke da ƙwayar sikila guda ɗaya, *confers some protection against severe malaria*, wato yana rage wa mai shi haɗarin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A irin waɗannan jimloli sau da yawa ba a ambatar mai karɓa, sai abin da ake samu kawai. Ka lura cewa *immunity* ɗin lauya da ta likita kalma ɗaya ce a Turanci, amma a Hausa ɗaya rigar kariya ce, ɗaya garkuwar jiki.

Mataki na biyar: bambanta ta da 'yan uwanta

A ɓangaren shawara, wadda aka fi rikita ta da ita ita ce *consult*. Bambancin yana wajen alkiblar magana. In ka yi *consult*, kai ne mai buƙata, ka je wajen wanda ya fi ka sani: likita, lauya, malami. Har littafi ana yi wa, *consult a dictionary*, ka duba ƙamus. *Confer with* kuwa musayar ra'ayi ce, kowa na kawo nasa, yawanci tsakanin waɗanda hukuncin ya rataya a wuyansu tare. Ba a yin ta da ƙamus, domin ƙamus ba ya mayar da magana. A Hausa, *consult* ta fi kusa da neman shawara ko tuntuɓa, *confer with* ta fi kusa da yin shawara ko ganawa. *Discuss* kuma tana ɗaukar maudu'i kai tsaye, *discuss the matter*, ba ta buƙatar *about*, saɓanin *confer* wadda ba ta iya taɓa maudu'i sai ta bi ta *on* ko *about*.

Kuma kalma ce mai nauyi. Hirar teburin mai shayi ba *confer* ba ce. In ka rubuta wa abokinka cewa za ka yi *confer with* matarka kan abincin dare, zai ji kamar ka shigo kasuwa da alkyabba. *Talk to* ta wadatar.

A ɓangaren bayarwa, *bestow* ce ta fi kusa, kuma ita ma *on* take ɗauka. Ta fi *confer* faɗi, tana da ƙanshin alheri da baiwa, shi ya sa masu fassara addu'a ke amfani da ita wajen ni'imar da Allah ke yi wa bayinsa. *Grant* tana zuwa ne inda aka nemi abu aka amince: beli, izini, biza. *Award* tana zuwa bayan an auna cancanta ko an yi takara: kyautar gasa, tallafin karatu, kwangila. Kwangila *award* ake yi mata, beli *grant*, sarauta *confer*.

Mataki na shida: furuci da rubutu

Nauyin furuci a gaɓa ta biyu yake: kan-FA, a ja ƙarshen. Mutanen Ingila ba sa fito da *r* ɗin ƙarshe, Amurkawa na fitarwa. A sunan da aka samo daga gare ta, *conference*, nauyin ya koma gaɓar farko: KON-farans.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Harafin f na Hausa da leɓɓa biyu yawancinmu ke furta shi, shi ya sa yake kaiwa da komowa tsakanin f da p da h gwargwadon garin mutum. Na Turanci kuwa da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ake yin sa. In ba a kula ba, *confer* na iya fita kamar *compare*. Ka tsaya gaban madubi, ka ɗora haƙoranka na sama a leɓen ƙasa, ka huro iska. In leɓɓanka biyu suka haɗu, sake.

Wannan nauyin furucin shi ne kuma ke yanke hukuncin rubutu. Tunda yana kan gaɓar ƙarshe, ana ninka *r* in za a ƙara *ed* ko *ing*: *conferred*, *conferring*. Haka 'yan gidansu suke: *refer* ta zama *referred*, *prefer* ta zama *preferred*, *defer* ta zama *deferred*, *infer* ta zama *inferred*. Waɗanda nauyinsu ke gaɓar farko ba sa ninkawa: *offered*, *suffered*, *differed*. *Conference* ma *r* ɗaya ce, kamar *reference* da *preference*, saboda nauyin ya tashi daga wurin.

Sunayen ma sun rabu gida biyu kamar ma'anonin. Daga shawara aka samu *conference*, taro, kamar taron ƙasa da aka yi a Abuja a 2014 ƙarƙashin jagorancin Mai Shari'a Idris Kutigi, ko taron manema labarai. Daga bayarwa aka samu *conferment*, wadda aka fi ji a Najeriya da Ingila, da *conferral*, wadda jami'o'in Amurka suka fi so. Kada ka rubuta *conference of a title* a katin naɗi.

Ɗaliban da ke rubuta kundin kammala karatu kuma za su riƙa ganin *cf.* a ƙasan shafi. Taƙaitawa ce ta *confer* ta Latin, da tsohuwar ma'anarta ta kwatanta. Marubuci na cewa ka ɗauki abin da na faɗa ka gwada shi da abin da wane ya faɗa. In nufinka kawai mai karatu ya je ya duba wani wuri don ƙarin bayani, *see* ce kalmarka.

Mataki na bakwai: mayar da ita Hausa

Ba ta da takwara guda a Hausa, kuma neman takwara guda shi ne ke haifar da fassara mai sanda. Ka bar abin da ake magana a kai ya zaɓar maka kalma. In sarauta ce, naɗa. In lambar girma ce ko digirin girmamawa, karrama ko bai wa. In digirin da aka yi wa karatu ne, bai wa, ko a ce an yaye su. In doka ce, ta ba shi iko, ta ba kotu hurumi, ta sanya masa rigar kariya. In magani ne ko halitta, yana samar da, yana ba da kariya.

A ɓangaren shawara ma akwai zaɓi. Shugabanni ganawa suke yi. In a asirce ne, 'yan jarida kan ce sun sa labule. Alƙalai shawara suke yi a tsakaninsu. Lauya zantawa yake yi da wanda yake karewa. 'Yan makaranta a gasar kacici-kacici, in aka ce musu *no conferring*, an hana su haɗa baki ne, kowa ya amsa da kansa.

Ka kuma tuna juya jimlar. Turanci ya sa girman a gaba, Hausa na son mutumin a gaba. *The title was conferred on her* ba "an ba da sarautar a kanta" ba ce. An naɗa ta, shi ke nan.

Mataki na takwas: gwada hannunka

Ɗauki jaridar Turanci ta kowace rana, ka nemo kalmar, ka yi mata tambayoyin nan biyu: akwai abin da ake miƙawa? Wa ke bayan *on* ko *with*? Kafin nan, ga guda huɗu.

*The president conferred with service chiefs on security.* Ba abin da aka miƙa. Shugaban ƙasa ya gana da hafsoshin tsaro a kan sha'anin tsaro. Daidai take.

*She was conferred a doctorate.* An sa mutum a mazaunin digiri. Ko dai *a doctorate was conferred on her*, ko *she was awarded a doctorate*.

*Marriage confers certain rights on both parties.* Daidai take, kuma mai bayarwar ba mutum ba ne: aure na bai wa kowane ɓangare wasu haƙƙoƙi.

*I will confer my doctor tomorrow.* Nan *consult* ake so, domin neman shawarar likita za a je. In aka bar ta yadda take, mai karatu zai tsaya yana jiran jin wanda za a miƙa wa likitan.

Da muka iso nan, ɗan wana ya karɓi biro ya soke layinsa. Ya rubuta *The Emir will confer the title of Wakili on Alhaji*, ya ɗago ya dube ni. Na ce ya yi, saura kan katin. Ya yi ɗan tunani, ya rubuta *Conferment of the title of Wakili*, ya tsaya ya ƙirga *r* ɗin da yatsa, ya tabbata guda ɗaya ce.

Ya ce, "Baffa, in sa *upon* a madadin *on*? Tunda na fada ne."

Na ce ya sa. Ya ninke takardar ya cusa a aljihun gaba, ya hau babur ya nufi wajen mai buga kati, ana shirin kiran Magariba.